Fansho da haƙƙin mamaci: kurakuran da ke sa kuɗin mutane ya maƙale a ofis

Duk wanda ya taɓa daɗewa kusa da teburin da ake karɓar takardun 'yan fansho a Kano ya san wannan hoto. Dattijo ya taso tun bayan asuba daga Kurna ko Ɗorayi, ya hau a-daidaita-sahu biyu, yana rungume da baƙar leda. A kwance ledar a zazzage a kan tebur, wasu takardun sun yi ja don tsufa, wasu gara ta ci gefensu. Ma'aikaci ya juya, ya sake juyawa, ya ɗago ya ce, "Baba, ina takardar ɗaukarka aiki ta farko?" Baba ya ce ai tana fayil. A je ma'aikatarsa a tarar fayil ɗin ma rabinsa babu. A bayansa ga wata baiwar Allah da goyo, ba ta daɗe da fita takaba ba, tana jiran a gaya mata dalilin da ya sa har yau ko kwabo bai fito ba. Gobe wasu ne za su zo, kuskuren kuwa na jiya ne dai. Ganin haka ya ishe ni, domin mafi yawan wannan wahala da hannunmu muke jawo ta.

Da farko ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, don ba ɗaya ba ce. Ma'aikacin gwamnatin tarayya da na kamfani mai zaman kansa suna cikin tsarin karo-karo da dokar 2004 ta kawo, aka sabunta ta a 2014. Ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinka, wanda kake wa aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba a asusun ritaya mai sunanka, wato RSA. Kamfanin fansho da ka zaɓa ne ke juya kuɗin, hukumar PenCom na sa masa ido, kuma ofishinta na shiyyar Arewa maso Yamma a nan Kano yake. Ma'aikacin jiha da na ƙananan hukumomi 44 nasu daban ne. Dokar jiha ta 2006 ce ke aiki a kansu, wadda ta fara da kashi 8 daga ma'aikaci, 17 daga gwamnati, a zuba a tukunya ɗaya hannun hukumar amintattun asusun fansho ta jiha, sannan a lissafa wa mutum fansho da giratuti bisa albashinsa na ƙarshe da shekarun da ya yi. Tsofaffin ma'aikatan tarayya da suka ajiye aiki zuwa ƙarshen Yunin 2007 suna hannun PTAD, hukumar da ke biyan fanshon tsohon tsari. Sojoji suna da tasu hukumar. Sai ka ga malamin firamare yana yawo a ofisoshin kamfanonin fansho yana neman asusun da ba shi da shi, ko ma'aikacin banki ya nufi sakatariyar Audu Baƙo. Wanda kuwa ya fara da jiha ya koma tarayya, ya riƙe takardar canjin wurin aiki da ta amincewa da shi kamar yadda yake riƙe da takardar gidansa, don ita ce ke ɗinke shekarunsa na can da na nan.

Yanzu ga babban ciwon: suna da ranar haihuwa. Ban san wani abu da ya fi wannan tsayar da kuɗin mutane ba, kuma shi ne wanda aka fi raina shi.

Mu Hausawa muna wasa da rubutun suna. A takardar makaranta Muhammadu, a takardar ɗaukar aiki Mohammed, a katin ɗan ƙasa Muhammad, a banki an taƙaita shi zuwa harafi ɗaya. A wani wuri an sa sunan gari, Gwarzo ko Bichi ko Ɗambatta, a wani an cire an sa na kaka. Mace ta shiga aiki da sunan mahaifinta, ta yi aure ta buɗe asusun banki da na miji, aure ya mutu ta yi wani ta sake canzawa. A unguwa kowa ya san mutum ɗaya ne. Kwamfuta ba ta san unguwa ba. Tana ɗauko abin da ke kan lambar NIN ta gwada da na asusun fansho da na BVN, in harafi ɗaya ya saɓa sai ta tsaya, ma'aikacin da ke gabanka kuma ba shi da ikon tura ta gaba ko da ɗan ƙanwarka ne.

Ranar haihuwa ta fi muni. Da yawa daga cikin masu ritaya a yau ba a yi musu takardar haihuwa ba, rantsuwar shekaru suka yi a kotu. Wani ya yi ta sau uku a rayuwarsa, kowacce da shekararta: ɗaya lokacin shiga aiki inda ya rage biyu ko uku, ɗaya lokacin fasfon aikin Hajji, ɗaya lokacin katin ɗan ƙasa inda yaron da ke kan kwamfuta ya sa masa ɗaya ga Janairu don a wuce wurin. Malam, dokar aikin gwamnati a fili take: ranar haihuwar da aka rubuta maka lokacin da aka ɗauke ka aiki ita ce taka har ka fita, ba a canza ta. Ita ce ake ƙirga shekara 60 da ita, ko shekara 35 na aiki, duk wanda ya riga cika. Malaman makaranta dokar tarayya ta 2022 ta ba su 65 ko 40, ma'aikacin jiha kuma ya tambayi ma'aikatarsa a rubuce abin da ke aiki a kansa. Amma sai mutum ya ga ritaya ta matso ya sami wani a ofishin fayil ya ba shi na goro, a goge a sake rubutawa. Wallahi wannan kashe kai ne. Akwai kwafi a wasu wurare, akwai shekarar da ka gama firamare, akwai ranar da ka fara karɓar albashi. Ranar tantancewa za a jera su, a ga wanda takarda ta ce ya gama firamare yana ɗan shekara biyar. In aka tabbatar ka zarce lokacinka, albashin da ka ci na zarcewar daga haƙƙinka za a zare shi, ka yi wa gwamnati aikin shekara biyu kyauta, ga zubar da mutunci a gaban 'ya'yan cikinka.

Ni abin da nake gaya wa kowa shi ne, saura shekara biyar ka fara, ba saura wata biyar ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka nemi kwafin bayanan aikinka daga ma'aikata, ka ajiye shi a tsakiyar tabarma, ka jera sauran a gefensa: NIN, BVN, takardar rajistar asusun fansho, rantsuwar shekaru, fasfo. Ka bi su harafi-harafi da yatsa, ko ka sa ɗanka mai karatu ya karanta da ƙarfi. Duk wadda ta saɓa, ita za a gyara ta dawo kan bayanan aiki. Gyaran suna yana buƙatar rantsuwar kotu da sanarwa a jarida, ka sayi jaridar ka ajiye shafin gaba ɗaya da kwanan watansa, kada ka yanko ɗan gurbin kawai. Gyaran NIN a hukumar NIMC yana cin kuɗi yana cin lokaci, gara ka yi shi kana da albashi a hannu.

Akwai wasu ƙanana da ba sa buƙatar dogon bayani. Wanda ya buɗe asusun fansho kafin 1 ga Yulin 2019 dole ya je kamfaninsa a sabunta bayanansa, a ɗauki hoto a haɗa da NIN, in ba haka ba ba za a saurari buƙatarsa ba. Wanda ya canza wurin aiki ya sake buɗe sabon asusu ya yi kuskure, lamba ɗaya ake yi har abada, ya je a haɗe masa tun yanzu. Wanda kamfaninsa bai gamsar da shi ba, tun Nuwamban 2020 an ba da damar komawa wani sau ɗaya a shekara. Mai gudun kuɗin ruwa ya nemi a mai da shi asusu na shida, wanda ake juya shi bisa tsarin da ba ruwa.

Sai rashin duba bayanin asusu. Doka ta ce wanda kake wa aiki ya tura kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, in ya yi jinkiri akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari ba a kowane wata. Amma akwai makarantu masu zaman kansu da masana'antu da ke cirewa a takardar albashi ba sa turawa. Ma'aikaci ba ya dubawa sai bayan shekara goma, lokacin kamfanin ya rufe, mai shi ya bar gari. Duk wata uku ka duba. Ka ga wata biyu babu, rubuta wa kamfanin fanshonka, ka kai kwafi PenCom, ka riƙe naka mai tambarin karɓa.

Ma'aikacin tarayya da ya shiga aiki kafin Yulin 2004 yana da wani haƙƙi na shekarun baya, wanda gwamnati ke zuba masa a asusu bayan ya ajiye aiki. Ba ya zuwa da kansa. PenCom na yin rajista da tantancewar masu wannan haƙƙi tun kafin su yi ritaya, yanzu ta intanet ake farawa a ƙarasa a ofishin kamfanin fansho. Za a nemi takardar ɗaukar aiki ta farko, bayanan aiki masu sa hannu, wasiƙar gabatarwa daga ma'aikata, takardun ƙarin girma, da abin da ke nuna matakin albashinka a ranar 30 ga Yunin 2004. Wanda ya bari wannan ya wuce shi, sa'o'insa za su fara karɓa shi yana bin layi. Kamfanin fansho kuma a sanar da shi saura wata shida.

Ma'aikatan jiha su ma kada su jira sai ranar ƙarshe kafin fayil ya tashi daga ma'aikata. Bashin giratuti da haƙƙin mamata a Kano ya taɓa taruwa har aka ƙiyasta shi ya haura naira biliyan 48, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta fara biyansa kashi-kashi a ƙarshen 2023 da biliyan 6. In ana biya kashi-kashi, wanda fayil ɗinsa ya kammala shi ake iya sa wa suna a jeri. Mai gyara a fayil sai dai ya ji a rediyo.

Ranar karɓa kuma akwai nata kuskuren. Dunƙulen kuɗin da kamfanin fansho ke ba ka a farko ba giratuti ba ne, daga cikin asusunka ake yanko shi. Ana lissafa shi da shekarunka, da jinsinka, da albashinka na ƙarshe, da abin da ya taru. Duk abin da ka ƙara ɗiba a dunƙule, na wata-wata ne ke raguwa har ƙarshen rayuwa. Na san ana son a aurar da yara, a gyara gida, a ja jari. Amma wanda bai taɓa sayar da ko allura ba ya kwashi kuɗin shekara talatin da biyar ya shiga Kantin Kwari ko Dawanau da su, sau da yawa kafin damina biyu an gama da shi. Ni shawarata, a ɗauki abin da buƙatar gaske ta kama, a bar sauran.

Sauran kuma hanya biyu ce. Ko kamfanin fansho ya riƙa ba ka daki-daki, kuɗin na nan da sunanka ana ci gaba da juya shi, in ka rasu abin da ya rage na magada ne. Ko ka sayi fanshon kamfanin inshora, anuwiti, wanda zai biya ka muddin kana raye ko da ka kai shekara ɗari, amma lamuninsa ga magada shekara goma ne kacal: ka rasu a cikinsu a ba su cikon, ka wuce su babu abin da za su samu. Daga ta farko ana iya komawa ta biyu, daga ta biyu ba a dawowa. Mai ƙananan yara da mata fiye da ɗaya ya yi tunani sosai kafin ya sa hannu, kada daɗin bakin dillali ya ɗebe shi a zama ɗaya. Ka karɓi lissafin duka biyun a rubuce, ka kai gida, ka kwana uku a kai. Wanda kuma ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba, in ya yi wata huɗu bai samu wani ba yana iya karɓar kashi 25 cikin ɗari, sauran sai ya cika hamsin.

To, mu zo kan mutuwa, inda kuka ya fi yawa.

A Kano mutum ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi maƙabartar Ɗandolo ko ta Tarauni, an dawo an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Haka addini ya koyar, haka ya kamata. Sai dai a cikin wannan gaggawa ba mai tuna takarda, alhali duk wani haƙƙi da za a nema daga baya a kan shaidar mutuwa yake tsaye. In a asibiti ya rasu, ko na Murtala ko na Malam Aminu Kano ko wani, a karɓi takardar likita mai bayyana dalilin rasuwa, in ba a samu a ranar ba a koma cikin makon da katin marar lafiya a hannu. Da ita za a je Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a yi rajistar mutuwar a karɓi takardar shaida, don ita ce hukumar da doka ta ɗora wa wannan aiki. In a gida ya rasu, a nemi wasiƙar mai unguwa, a yi rantsuwa a kotu, sannan a je hukumar. In hatsarin mota ne, sai da rahoton 'yan sanda. Ni a ganina tun ranar sadakar uku ya kamata dangi su ware mutum ɗaya mai natsuwa su ce wannan aikinka ne.

A kula da kwanan wata. Mu in an ce daren Juma'a, daren Alhamis ne a lissafin boko. Sai mutum ya rasu ƙarfe goma na dare, likita ya rubuta 14 ga wata, mai rantsuwa a kotu ya ce 15, ma'aikata ta rubuta ranar da aka sanar da ita. Takarda uku, rana uku, a dawo da fayil. Duk abin da takarda ta farko ta ce, shi za a bi a sauran.

Sai maganar da ta raba zumunci a gidaje da yawa, wato sunan da mamaci ya rubuta a fom a gurbin makusanci, abin da ma'aikata ke kira nes-of-kin. Mutane sun ɗauka wanda aka rubuta shi ne mai kuɗin. Sai ka ji babban ɗa yana ce wa ƙanen mahaifinsa, "Baffa, ni fa Baba ya rubuta, da hannunsa." Ko ƙanen mamaci, wanda aka rubuta tun mamacin yana saurayi shekara talatin da suka wuce, ya zo ya tattara takardu daga ɗakin matar tana cikin takaba, ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, ni zan bi." Daga nan sai ya daina ɗaga waya. Ku ji tsoron Allah. Wanda aka rubuta ɗan aike ne, shi za a nema in wani abu ya faru. Dokar 2014 ta ce kamfanin fansho ba zai saki abin da ke asusun mamaci ba sai da wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar wakilcin gado wadda za ka ji lauyoyi na kira leta of administireshan, kuma a raba bisa wasiyyar ko bisa dokar da mamacin ke bi a rayuwarsa. Ga Musulmi wannan na nufin rabon gado na shari'a. A jihohin Arewa ana karɓar umarnin kotu mai hatimi a madadin waccan takarda, sai dai a fara tambayar kamfanin fanshon wace kotu da wane irin rubutu yake karɓa kafin a kashe kuɗi.

A gaban alƙali a faɗi magada duka. Duka. Matar da ke wani gari, 'ya'yan wadda aka saka tun da daɗewa, cikin da ba a haifa ba, iyayen mamaci in suna raye. Mata suna da ɗaya bisa takwas su raba in akwai 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu in babu. Uwa da uba kowanne yana da ɗaya bisa shida in akwai ɗa namiji. Kafin duk wannan sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Masu ɓoye wani magaji don rabonsu ya yi kauri, ban da cin dukiyar maraya da suka ɗauka a wuyansu, kansu suke cuta tun a duniya: ranar da wanda aka ɓoye ya kai ƙorafi, za a dakatar da komai, kuɗin ya zauna shekaru ana shari'a, darajar naira na zagwanyewa, lauyoyi na ci. Kuma sunan mamaci a takardar kotu ya zama daidai da na asusun fansho, harafi da harafi. Ciwon nan na suna yana bin mutum har kabari. Sannan a buɗe asusun banki da sunan dukiyar mamacin, ko a bi wanda kotu ta ayyana, kada a ba da asusun wani ɗa shi kaɗai.

Ga matan da aka mutu aka bari: Hajiya, takaba wata huɗu da kwana goma ce, haƙƙinki ba zai gudu a cikinsu ba. Kada ki miƙa wa kowa asalin takarda. A yi hoto a ba mai bi, asali ya zauna a akwatinki, in an zo wurin da dole sai an ga asali, ɗanki ko ɗan'uwanki ya raka shi ya dawo da ita a ranar.

Wani kuɗi da iyalai da yawa ba su ma san da shi ba shi ne inshorar rai ta ma'aikata. Dokar fansho ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa kowane ma'aikaci inshorar da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Ta wanda ya rasu yana bakin aiki ce, ba ta shafi wanda ya riga ya yi ritaya ba, kuma daban take da abin da ke asusun fansho. Sau da yawa ma ta fi shi yawa, musamman ga wanda bai daɗe da fara aiki ba. Ta hannun ma'aikata ake nemanta, na ma'aikatun tarayya kuma ofishin shugaban ma'aikata na tarayya ne ke kula da ita. In kamfani bai yi inshorar ba, doka ta ce shi zai biya daga aljihunsa, kada a yarda da "Allah ya jiƙansa" da buhun shinkafa. A nan sunan da ma'aikaci ya rubuta a matsayin mai amfana yana da nauyi, don kamfanin inshora shi zai biya. Saboda haka duk wanda ya yi aure, ko ya ƙara, ko aka yi masa haihuwa, ya je ya sabunta fom ɗin. Wanda kuɗin ya faɗo hannunsa kuma, ni dai ina ganin ya kai maganar gaban alƙali ko malamin da ya san gado kafin ya taɓa ko sisi.

In kuwa a wurin aiki aka rasu, ko a hanyar zuwa ko dawowa, ko ciwon da aikin ya jawo, akwai diyya ta NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, ƙarƙashin dokar 2010, wadda mai ɗaukar aiki ke biya wa kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansa. Matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye tana iya samun kashi 90 cikin ɗari na albashin mamacin duk wata. Amma wannan tana da wa'adi, cikin shekara guda ake shigar da buƙata. Nan ne jinkiri ke kashe haƙƙi ɗungurungum.

Kuɗin jana'iza kuwa, da yake tamu ba ta da tsada, likkafani ne da ɗan abin da za a ba masu haƙa, mutane ba sa nema. Dokokin aikin gwamnatin tarayya sun tanadi kuɗin binne ma'aikacin da ya rasu a bakin aiki gwargwadon matakinsa, ma'aikatarsa ce ke biya, ba kamfanin fansho ba. A rubuta a nema. A kamfani a duba takardar sharuɗɗan aiki, a tambayi ƙungiyar ƙwadago. A cikin wasiƙa ɗaya a tambayi albashin da bai karɓa ba da ajiyarsa ta ƙungiyar taimakon juna ta ofis. Kashi biyu da rabi da ake cirewa na asusun gidaje shi ma ana mayarwa ta Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, ga mai ritaya ko magadansa. Tsofaffin ma'aikatan masaƙu da masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa da aka cire wa kuɗin tsohon asusun ajiyar ma'aikata na NPF ko NSITF kafin 2004, an mai da wannan ajiya hannun kamfanin Trustfund, a nemo tsohon kati ko lambar rajista a je a tambaya.

Kada a ci gaba da cire fanshon mamaci da katinsa na ATM ana ɓoye rasuwar. A tsarin jiha da na PTAD duk abin da aka ci bayan ranar mutuwa bashi ne, za a neme shi, ga laifi a kai. Kada kuma a tura wa kowa kuɗi don ya "fito da fayil". Kamfanin fansho da PenCom da PTAD ba sa karɓar ko kwabo don biyan haƙƙi, wanda ya kira ka a waya ya ce shi jami'i ne daga Abuja, ka tura kaza a sa sunanka a jerin wannan wata, ɓarawo ne. Kuɗin kotu ne kaɗai na gaskiya, shi ma a karɓi rasit.

Layin wayar mamaci kada a yar da shi, kada a ba yaro ya sa a wayarsa. A riƙa sa masa ɗan kati ana kira da shi don kada kamfanin waya ya rufe ya sayar wa wani. Iyalai da yawa ba su san ma wane kamfanin fansho maigidan yake ba, kuma saƙonnin da ke cikin wannan layi, da tsohuwar takardar albashi, da ofishin albashi na ma'aikatarsa, su ne za su nuna sunan kamfanin da lambar asusun.